Doki da raƙumin dawa: kyautar dabbobi tsakanin sarakunan da

A zamanin da, kafin a san ofisoshin jakadanci, sarakuna kan ƙulla zumunci ta hanyar aika wa juna kyauta, kuma dabbobi na cikin abubuwan da suka fi daraja. Irin dabbar da aka aika da yadda aka karɓe ta sukan nuna matsayin kowane sarki: ko tsara ne, ko mai neman kariya, ko kuma wanda ya yi mubaya'a.

Dawakin Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarkin Kano Kanajeji (1390-1410) ya nemi haraji daga Kwararrafa, suka ba shi bayi 200. Daga nan ya riƙa aika musu da dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi.

Littafin ya kuma ce Sarki Yakubu (1452-1463) ya aika wa Sarkin Nupe dawaki 10, shi kuma ya aiko masa da babanni 12.

Dalilin darajar doki a kudu shi ne ƙudan tsando, wanda ke sa wa dabbobi cutar sammore. Doki ba ya daɗewa a waɗannan yankuna, saboda haka sarakunansu na buƙatar sababbi a kai a kai. Wannan ya bai wa sarakunan arewa ƙarfin faɗa a ji, domin doki shi ne ƙashin bayan rundunar yaƙi. Kanajeji ɗin ne ma littafin ya ce ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke Kano.

Sai dai 'yan Adam ne suka ɗanɗana kuɗar wannan musaya. Leo Africanus, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 16, ya ce Sarkin Borno kan biya fataken arewacin Afirka bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda, sa'annan ya hau dawakin ya je kamo wasu bayin.

Tsakanin Kano da Borno

Yankin kogin Hadeja, inda garuruwa irin su Miga da Hadeja suke a jihar Jigawa ta yanzu, yana tsakanin manyan daulolin nan biyu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Yakubu ne 'ya'yan Sarkin Machina suka zo Kano, ɗaya ya zama Sarkin Gaya, wani kuma Sarkin Hadeja.

Kafin nan, Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) shi ne aka ce ya fara kai wa Borno gaisuwa a ƙasar Hausa, ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, kuma shi ne ya fara mallakar raƙuma. Kalmar "gaisuwa" kanta abar lura ce: tana nufin girmamawa, tana kuma nufin abin da ƙarami ke kai wa babba. Mai bayarwa na iya kiranta kyauta, mai karɓa kuma ya ɗauke ta a matsayin haraji.

Raƙumin dawa ya ƙetare Sahara

Idan saƙo zai je nesa, akan zaɓi dabbar da mutanen can ba su saba gani ba. Malamin tarihi Ibn Khaldun ya ruwaito cewa a shekarar 1257 Sarkin Kanem da Borno ya aika wa Sarkin Tunis al-Mustansir kyaututtuka, ciki har da raƙumin dawa, wanda jama'a suka yi dafifi domin kallonsa.

Ya kuma ba da labarin wasu kyaututtukan da Mansa Sulaiman na Mali ya shirya aikawa Maroko. Ya rasu kafin ayarin ya kai, sai Mansa Mari Jata ya cika aiken, ya ƙara da raƙumin dawa, aka isar da dabbar ga Sarki Abu Salim a birnin Fas wajen ƙarshen 1360.

Ƙetare hamada da irin wannan dabba a raye, tare da masu kula da ita da abincinta, shaida ce cewa sarkin da ya aiko yana da dukiya, kuma hanyoyin fatauci na hannunsa.

A sauran duniya

Al'adar ba ta tsaya a Afirka ba. Halifa Haruna Rashid na Bagadaza ya aika wa Sarki Charlemagne giwa mai suna Abul Abbas, wadda ta isa birnin Aachen, a ƙasar Jamus ta yanzu, a shekarar 802, ta mutu a 810. A 1414 Sarkin Bengal ya aika wa Sarkin Sin raƙumin dawa, yayin da Sarkin Masar Kaitbay ya aika da wani zuwa birnin Florence na Italiya a 1487.

Cinikin bayi da yaƙin dawaki sun wuce, amma har yanzu a masarautun arewacin Najeriya da kudancin Nijar, doki da kayan hawansa na cikin manyan kyaututtukan da sarki ke karrama baƙo da su.