Daga Wiskin Sikotland Zuwa Mazarƙwailar Makarfi



Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar rake ce. Wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano ya san yadda ake jibge shi dami-dami a bakin titi wajen Tashar Yari. A tsibiran Karebiyan, wannan raken ne ake mayarwa giya mai ƙarfi da ake kira ram. A nan kuwa ya zama mazarƙwaila da alewa. Me ya raba hanyar? Amsar tana cikin tarihi, kuma sai mun fara leƙawa Sikotland kafin mu dawo gida.

A wajen mashaya barasa na Turai, wiskin Sikotland da suke kira single malt yana sahun gaba a daraja. Ma'anar sunan ita ce an yi shi da tsiron sha'ir zalla, a masana'anta guda ɗaya, ba a gauraya shi da na wani wuri ba. Tsiron nan ba baƙo ba ne a wurinmu: jiƙa hatsi ne har ya tsira, sannan a busar, kamar yadda masu burukutu ke yi wa dawa. Bambancin shi ne su ba sa tsayawa a nan. Bayan ruwan ya yi tsami, sai su dafa shi a tukunyar jan ƙarfe, su tare tururin ya koma ruwa mai tsananin ƙarfi, su ɗura a gangar katako ya shekara.

Rubutu mafi tsufa da ya ambaci wannan sana'a a Sikotland na shekarar 1494 ne, inda littafin baitulmalin sarki ya nuna an ba wani ɗan zuhudu mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya yi abin da suke kira ruwan rai. Daga baya haraji ya yi nauyi, sana'ar ta koma ta ɓoye a cikin duwatsu. Dokar 1823 ce ta sassauta kuɗin lasisi, a 1824 George Smith ya karɓi nasa ya kafa Glenlivet. Duk da haka, fiye da shekara ɗari mafi yawan wiskin da ake sayarwa gaurayayye ne. Sai a 1963 kamfanin Glenfiddich ya fara tallata nasa shi kaɗai a ƙasashen waje, da sunan wurin da aka yi shi.

Nan ne asirin darajar yake. Dokar 2009 ta ce ba za a kira abu wiskin Sikotland ba sai an yi shi a can, ya yi aƙalla shekara 3 a ganga, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Ta kuma kare sunayen yankuna biyar. Shi ya sa masu kwatantawa ke zama su bambance na tsibirin Islay, mai ƙaurin hayaƙi saboda baƙar ƙasar fadama da ake ƙonawa wajen busar da tsiro, da na Speyside mai ƙamshin 'ya'yan itace. Abin da suke biya da tsada, suna ne da wuri da shekaru.

To, me ya hana irin wannan kaya samun gindin zama a ƙasar Zazzau? Na farko Musulunci, wanda ya haramta giya tun kafin Bature ya san hanyar nan, jihadin 1804 kuma ya ƙara wa hukuncin ƙarfi. Giyar da ta rage ita ce ta dawa a ƙauyukan Maguzawa, wadda ake dafawa a sha cikin kwanaki kaɗan, ba ta ajiyuwa balle a yi fataucinta zuwa nesa.

Na biyu dokar Turawa da kansu. A taron Burasels na 1890, ƙasashen Turai sun amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba saboda addini ko wani dalili. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa a 1900, sai ya tsaya a kan wannan hani. A Kudu kuwa labarin daban ne: jiragen ruwa na sauke jin daga Holan da Jamus, harajinsa kuma na cikin manyan hanyoyin kuɗin gwamnati. Arewa ba ta da wannan kuɗin, kasafinta kullum da giɓi, wannan ma na cikin dalilan haɗe Kudu da Arewa a 1914. Hanin bai shafi kowa daidai ba. Joji da Razdan na shan wiskinsu a bariki da izinin hukuma, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 an riƙa ɓoyo kwalabe ana kaiwa Sabon Gari. Amma ƙauyukan rake sun tsaya a wajen wannan ciniki.

Yanzu ga inda zaren ya haɗu. Wajen 1914 mishan ɗin CMS na Likita Miller da ke Zariya ya kafa wani ƙaramin gari a Gimi, cikin ƙasar Makarfi ta yanzu, don zuriyar Isawa da suka bi shi. Wanda aka ɗora a kan garin wani fasto ne baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Mutumin ya fito daga yankin da rake ya gina da gumin bayi, inda tun ƙarni na 17 ake mayar da ragowar ruwan sukari ram, har a kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da wasu bayin. Abin da ya kawo Gimi shi ne rabin farko na wannan ilmi: injin matse rake da dabarar dafa ruwansa ya daskare. Ciwon barci ya tarwatsa garin mishan cikin 'yan shekaru, amma sana'ar ta riga ta shiga hannun manoman da ke kewaye.

Rabi na biyu, wato tsimawa da turarawa, bai samu mai karɓa ba. Addini ya hana, doka ta hana, kasuwa ma ba ta nema. Abin da kasuwa ke nema shi ne zaƙi mai ajiyuwa, mai sauƙin ɗauka, mai arha fiye da farin sukarin kanti. Sai doki ya shiga zagaya injin, ana ɗura masa rake, ruwan na tsiyaya, ana tafasa shi a manyan kwanoni da busasshen ɓawon da aka matse, a zuba a ƙananan tasoshi ya huce. Yau injin mai ya karɓi aikin doki a wurare da yawa, amma dahuwar tana nan yadda take.

Mazarƙwaila ma tana da masu kwatanta ta, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Dillali na duban launi: mai haske ko mai duhu. Yana karyawa ya ji tauri, ya duba ko akwai yashi, ya ɗanɗana ya ji ko wuta ta yi yawa har ta bar ƙauri. Fadamar da raken ya fito, da lokacin da aka sare shi, da hannun mai dahuwa, duk suna barin alama. Ilmi ne iri ɗaya da na masu sansana kofi a Sikotland, sai dai wannan halal ne, yaro da tsoho kowa na sha.

Inda aka bar mu a baya shi ne wajen suna. Manomin Islay ya sa an rubuta garinsa a jikin kwalba, doka kuma ta hana wani ya ara. Mazarƙwailar Makarfi da ta Kudan da ta Ikara kuwa, da zarar ta shiga buhu ta hau mota ta zama ɗaya, babu mai sanin fadamar da ta fito ko mai dahuwar da ya yi ta. Gwani da ɗan koyo kusan kuɗi ɗaya ake ba su, ribar bambancin tana tsayawa a aljihun dillali. Sana'ar da ba ta saka wa gwaninta, 'ya'yan gwanaye ba sa daɗewa a cikinta. Fiye da shekara ɗari ke nan ana dafa rake a wannan ƙasa, lokaci ya yi da mai saye a Kano ko Maraɗi zai iya cewa a ba shi ta gari kaza, ya kuma biya kuɗinta.

Allah Ya sa wa noma albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.