Ina Za A Kai Baƙo A Gobir?

Wanda ya sauka Abuja don buɗe ido, direban tasi ma ya ishe shi jagora: ga Dutsen Aso, ga Babban Masallaci, a miƙe hanyar Kaduna a ga Dutsen Zuma. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama da aka kafa a 1959 ya tara wa baƙo komai wuri guda, har da namun daji da maƙera. Amma baƙo ya iso Gatawa ya ce a kai shi babban birnin Gobir, sai an tambaye shi: wanne daga ciki?

Sarautar Gobir ba ta cika daɗewa wuri ɗaya ba. Daga Azbin ta gangaro Birnin Lalle, ta yi ta matsowa kudu har zamanin Sarki Babari, wanda ya ci Birnin Zamfara wajen 1760, ya kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima. Masu ba da labari sun ce gonar alƙalin Zamfara ce a wurin, sunan ya bi ta. A zamanin Bawa Jan Gwarzo birnin ya cika ya batse, fatake da malamai da Buzaye masu gishiri suna shiga suna fita. Ba wanda ke zuwa don kallo kawai a lokacin, amma kowane baƙo yana da mai masauki, shi ke nuna masa kasuwa, shi ke yi masa iso a fada. In ana neman asalin jagoran baƙi a ƙasar Hausa, to ga shi nan.

Shekara hamsin ma birnin bai cika ba. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta shiga Alƙalawa, aka kashe Sarki Yunfa, jama'a ta watse. Daga nan duk wanda ya zo ganin birnin Gobir, yaƙi ya tarar. Bature Clapperton, da ake kira Abdullahi, ya ga Konya a 1826, inda Gobirawa suka tare a lokacin, amma daga bayan ganuwa ya hango ta, yana cikin sansanin Bello da ya zo kai mata hari. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Bature Barth kuwa, wato Abdulkarim, ya ratso ta Isa a 1853 zai je Wurno. Sai da ayarinsu ya yini ya kwana yana tafiya cikin Dajin Gundumi ba zango, don tsoron mahara. Wani ɗan gidan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri bayan tsakiyar ƙarni na 19 ya gina Sabon Birni, daga baya Ingila da Faransa suka ja iyaka, gida ɗaya ya rabu biyu: Tsibiri a Nijar, Sabon Birni da kufan Alƙalawa a Nijeriya.

Da ƙasa ta lafa, motoci suka samu, sai wani irin baƙo ya ɓullo: ɗalibin tarihi da littafinsa, da Bagobirin da aka haifa a Kano ko Legas yana son ganin tushensa. Abin da ido zai gani a Alƙalawa kaɗan ne. Ginin ƙasa ba ya jure damina ɗari biyu. Saura tudun ganuwa da tsingaron tukwane a gonaki. Sauran birnin yana bakin dattijon da ya rako ka. Ya nuna fili da sandarsa ya ce nan fada take, ka yarda ko ka ƙi.

A ganina nan ne daɗin abin, nan ne kuma wuyarsa. A Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, inda masu ziyara ba sa yankewa, 1808 shekarar nasara ce. A bakin Bagobiri shekarar da gida ya ci wuta ce, ko da yake shi ma Musulmi ne, yana kuma girmama Shehu. Jagora nagari a nan sai ya iya riƙe labarin biyu bai zubar da ɗaya ba, abin da allon bayani na gwamnati ba zai iya ba, in ma an kafa shi.

Yanzu kam magana ta koma kan hanya. Dajin Gundumin da ya hana Barth barci ya sake zama maɓoyar 'yan bindiga, ƙauyukan Isa da Sabon Birni da dama sun tashi. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu. Mai son ganin fadar Gobir da Inna, shugabar bori, da 'yan borinta a yau, ya fi masa sauƙi ya zagaya ta Jibiya ya shiga Maraɗi, ya hau mota zuwa Tsibiri.