Tarihin Hanyoyi Biyu na Gina Jeri a Manhajar Kwamfuta

Mai rubuta manhaja da ke son fitar da sabon jeri daga tsoho, misali ya tsamo lambobin da suka haura goma ya ninka kowacce, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya tanadi jerin da ba komai a cikinsa, ya sa kwamfuta ta riƙa zagayawa tana ɗaukar lambobin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa, ko kuma ya faɗi ƙa'idar abin da yake so kawai, ya bar wa harshen kwamfutar ɗawainiyar zagayen.

Hanyar zagaye ce ta fara kafuwa. Fortran, harshen da John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, ya zo da umarnin DO mai maimaita aiki, wanda ya dace da yadda na'urar kanta take tafiya. A 1958 John McCarthy ya fara ƙirƙirar Lisp a MIT, yana aro daga lissafin lambda na Alonzo Church. A Lisp ana iya ɗora aiki guda a kan jeri sukutum, a samu sabo ba tare da an taɓa tsohon ba.

Abin lura shi ne Backus da kansa ya zo ya soki gidan da ya gina. A laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing a 1977, ya nuna cewa sauya ƙima ɗaya-ɗaya yana daƙile tunanin mai rubutu, yana kuma wahalar da tabbatar da ingancin manhaja. Sukar tana da tushe, domin duk inda ƙima ke canzawa a kowane zagaye, nan kuskure ke samun maɓoya. Harsuna irin su Miranda a 1985 da Haskell a 1990 sun bi tafarkin faɗin ƙa'ida, suka yaɗa rubuta jeri a layi guda, tamkar yadda masana lissafi ke bayyana rukunin lambobi.

A harshen Python ne aka fi ganin yadda hanyoyin biyu suka yi ta ja-in-ja. A 1994 aka shigar da map, filter da reduce, umarnai na salon ƙa'ida. A 2000 Python 2.0 ya ɗauko rubutun layi guda daga Haskell, amma da kalmar for da masu zagaye suka saba da ita. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen, bai ɓoye ƙin reduce ba, yana ganin zagaye ya fi shi sauƙin karantawa. Da Python 3.0 ya fito a 2008, sai aka mayar da reduce cikin rumbun kayan aiki na functools, aka bar map da filter.

Harshen Java ma ya buɗe wa salon ƙa'ida ƙofa a 2014. Duk da haka zagaye bai gushe ba, kuma har yau shi ake komawa idan aikin yana da matakai da yawa ko yana buƙatar tsayawa a tsakiya.