Karo ilimi ga ma'aikatan jinya a Jibiya

Karo ilimi ga ma'aikatan jinya shi ne karatun da nas mai rajista ke yi bayan ya samu shaidar RN, domin ƙwarewa a wani fanni ko samun ƙarin girma a wurin aiki. A Najeriya hanyoyinsa biyu ne: kwas ɗin ƙwarewa da ake yi a makarantun asibiti, da kuma digirin jami'a. Na farko yana ƙara wa nas gwaninta a bakin gadon majinyaci, na biyu kuma shi ke buɗe ƙofar digiri na biyu da muƙaman darakta. Ma'aikatan jinya na ƙaramar hukumar Jibiya a Jihar Katsina, wadda ke kan iyakar Najeriya da Nijar, suna da zaɓi na uku, wato karatu a Maraɗi.

Hukumar da ke kula da shi

Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN, ita ce ke amincewa da makarantu, ta shirya jarrabawa, ta kuma ba da lasisin aiki. An kafa ta da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979. Ana sabunta lasisi duk bayan shekara uku, kuma sai nas ya halarci bitar ƙara sani kafin a sabunta masa.

Kwasa-kwasan ƙwarewa

Karatun jinya na farko shekara uku ne a tsarin da aka daɗe a kai. Kwasa-kwasan da ke biyo bayansa kan ɗauki wata 12 zuwa 18. Waɗanda suka fi kusa da Katsina sun haɗa da:

Jinyar masu cutar ido a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, Kaduna.
Jinyar kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, Kaduna.
Jinyar masu karaya a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.
Jinyar masu taɓin hankali a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

A cikin jihar kuma, cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga ta daɗe tana horar da likitoci da nas-nas kan wannan larura, tun zamanin likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan.

Digirin jami'a

Shaidar RN ba digiri ba ce, don haka mai ita yakan fara da digirin jinya na BNSc. Wanda ya shiga daga sakandare yana yin shekara biyar, nas mai rajista kuwa ana ɗauke masa shekarar farko. Jami'ar Ibadan ce ta fara wannan digiri a Najeriya a 1965. A Arewa ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Jami'ar Bayero Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato. Daga nan ne ake wucewa digiri na biyu da digirin digirgir. A tsarin aikin gwamnati, nas marar digiri yakan tsaya a muƙamin babban jami'in jinya, yayin da mai digiri ke iya kaiwa mataimakin darakta har zuwa darakta.

Halin da ake ciki a Jibiya

Garin Jibiya yana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kuma shingen iyaka yana Magama, daura da Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar. Babban asibitin garin da ƙananan asibitocin yankin suna karɓar majinyata daga ƙasashen biyu, ga kuma mutanen da harin 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu. Dukkan makarantun ƙwarewa da aka ambata suna wajen ƙaramar hukumar, saboda haka mai son tafiya sai ya nemi hutun karo ilimi, ya bar gurbinsa shekara ɗaya ko fiye. Shi ya sa karatu daga nesa, kamar na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da na sashen koyo daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, yake da amfani ga wanda ba zai iya barin aiki ba.

Karatu a Maraɗi

Jami'ar Maryam Abacha ta Amurka da ke Maraɗi, wadda aka kafa a 2013, tana koyar da jinya da Turanci, kuma ɗalibai da yawa daga Najeriya sun bi ta Jibiya zuwa can. Sai dai NMCN tana lissafa duk wanda ya yi karatun jinya a Nijar cikin masu karatun ƙasar waje: kafin ta yi masa rajista sai ya yi karatun daidaitawa a Najeriya, ya kuma ci jarrabawarta. Rufe iyaka ma yana shafar wannan hanya, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Fita ƙasashen waje

Ƙarin takardu yana sauƙaƙa samun aiki a Ingila, Amurka da Saudiyya. A Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ya yi aikin shekara biyu bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardu domin fita waje, lamarin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas.