Tarihin maƙoƙo: yadda anka gano maganinshi

Ɗan'uwa mai karatu, ka san maƙoƙo. Wataƙila akwai mai shi a garinku. Wasu na cewa jifa ne, wasu na cewa gado ne. To, ga labarin yadda anka gano asalinshi.

Taɓa gaban wuyanka, ƙasa da maƙogwaro. Akwai wata ƴar tsoka nan, nauyinta kamar giram 20. Likitoci na ce mata tiroyid. Aikinta shi ne ta zuba wani ruwa cikin jini. Ruwan nan ne ke sa jiki ɗumi, ya sa yaro girma, ya sa ƙwaƙwalwa ta ginu. Amma ba ta iya yin shi sai da wani abu da ake kira iyod, wanda muke samu cikin abinci. In iyod ya yi ƙaranci, wata ƴar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai ta riƙa aiko mata da umurni ta cikin jini: ƙara aiki! Sai ta yi ta kumbura don neman abin da babu. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Mutanen da ba su san wannan ba. Amma tun da daɗewa likitocin ƙasar Sin na ba masu maƙoƙo ciyawar teku, kuma wasu na samun sauƙi. Ba wanda ya san dalili.

A shekarar 1811 ana yaƙi a Turai, Faransa na neman albarushi. Wani Bafaranshe, Barnar Kurtuwa, yana aiki da tokar ciyawar teku wajen haɗa kayan albarushi. Wata rana ya zuba ma tokar wani ruwa mai ƙuna, sai hayaƙi mai launin shunayya ya tashi. Ashe iyod ne ya gano.

A 1820 wani likita na birnin Janeba, ƙasar Suwis, mai suna Kwande, ya ba masu maƙoƙo iyod. Wuyansu ya saɓe. Amma wasu sun sha da yawa har ya cuce su. Sai mutane sunka ji tsoro, sunka ja baya. Ka gani, magani ma in ya wuce kima cuta ne.

A 1883 wani likitan Suwis, Kohar, ya bayyana abin da ya faru ga mutanen da ya cire ma tsokar nan gaba ɗaya. Jikinsu ya yi sanyi, hankalinsu ya yi nauyi, yaran cikinsu sun bar girma. Nan anka gane tsokar ba ta banza ba ce. Bayan shekara goma sha biyu, wani Bajamushe, Bauman, ya samu iyod cikin ita tsokar kanta.

Saura a tabbata. A 1917 likita Marin ya fara gwaji a garin Akron na Amurka, da ƴammata ƴan makaranta. Cikin 2190 da anka ba iyod kaɗan, 5 kawai sunka yi maƙoƙo. Cikin 2305 da ba a ba ba, 495 sunka yi. Gardama ta ƙare.

To, yaya za a kai iyod kowane gida? Sai anka tuna da gishiri, tun da mai kuɗi da talaka duk suna sa shi a miya. Suwis ta fara sa iyod cikin gishiri a 1922, Amurka a 1924. A duwatsun Suwis, inda maƙoƙo ya yi yawa ƙwarai, sannu-sannu anka daina haihuwar yara masu tawayar da rashin iyod ke kawowa. A 1990 shugabannin duniya sunka taru a birnin Niyok saboda yara, sunka yi alkawarin kawar da ciwon rashin iyod.

Labarin nan ya shafe mu. Ƙasarmu nesa take da teku, kifin teku bai cika zuwa kasuwarmu ba. Inda ƙasa ba ta da iyod, hatsin da ta ba da ma ba ya da shi. Kuma abin tsoro ya wuce kumburin wuya. Mace mai ciki in ta rasa iyod, tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa kurma, ko mai nauyin gane karatu. Abin da babba ke bukata duk rayuwarshi kuwa bai wuce ƙaramin cokali guda ba, amma sai an samu kaɗan-kaɗan kullum.

Saboda haka, in ka tafi kasuwa, nemi gishiri mai iyod. Ka aje shi cikin abu mai marfi, nesa da rana da danshi, don iyod na gudu. Wanda wuyanshi ya riga ya kumbura, ya tafi gidan likita a duba shi, don ba kowane maƙoƙo ba ne na rashin iyod. Ka karanta ma maƙwabtanka wannan labari. Allah ya ba mu lafiya.