Tarihin Jirgin Sama da Yadda Ya Biyo Hanyar Alhazai Ta Ƙofar Gidanmu



A makon jiya ina dawowa daga Kano, da muka kusa shigowa gari sai wani yaro ɗan sakandare da ke kusa da ni a mota ya ce, "Baba, wai me ya sa ake ce wa wajen can filin jirgi? Ni dai tun da nake ban taɓa ganin jirgi ya sauka ba." Na ba shi amsa a gurguje don mun kusa tasha, amma tambayar ta tsaya mini a rai. Idan ɗan Potiskum bai san dalilin da ya sa garinsu yake da tsohon filin jirgi ba, laifin namu ne da ba mu gaya masa ba. Shi ya sa na ga ya dace in kawo mana tarihin tun daga tushe.

Sha'awar tashi sama tsohuwa ce a zuciyar ɗan Adam. Daga cikin waɗanda tarihi ya riƙe sunansu akwai Abbas bin Firnas, masani a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekarar 887. Malamin tarihi Al-Maƙƙari ya kawo labarin cewa ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai, ya yi tsalle daga wuri mai tudu, kuma ya yi 'yar tafiya a iska. Wajen sauka ne ya ji ciwo a baya, saboda bai yi wa kansa jela ba, alhali da ita tsuntsu yake daidaita saukarsa. Wannan matsala ta sarrafa abin hawa a cikin iska ita ce ta ci gaba da gagarar mutane har kusan shekara dubu bayansa.

Hanyar da ta fara ɗaga mutum sama ba ta fiffike ba ce. A shekarar 1783 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, 'yan gidan Montgolfier masu sana'ar yin takarda, suka lura cewa iska mai zafi sama take yi, domin ta fi mai sanyi rashin nauyi. Sai suka ɗinka ƙaton balan-balan suka hura wuta a ƙarƙashinsa. A watan Satumba na shekarar suka fara gwadawa da tunkiya da agwagwa da zakara a gaban Sarkin Faransa, dabbobin suka sauko da ransu. Ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu suka hau, suka yi kusan minti 25 suna shawagi a saman birnin Paris. Sai dai balan-balan ba shi da linzami. Inda iska ta ga dama nan take kai shi.

Wani Bature ɗan Ingila, George Cayley, shi ne ya gano bakin zaren a wajajen 1799. Ya ce a daina ƙoƙarin kaɗa fukafukai kamar tsuntsu. A bar fiffike a kafe ya yi aikin ɗaga nauyi, a nemo wani abu dabam ya tura jirgin gaba, a kuma sa jela ta riƙa daidaita shi. Duk jirgin da muke gani yau a kan wannan tsari yake. Bayansa sai Otto Lilienthal na Jamus, wanda daga 1891 ya riƙa tsalle daga kan tudu da jirgi marar inji, har ya yi kusan sau 2,000 yana rubuta abin da ya gani. A watan Agusta na 1896 ya faɗo, ya rasu washegari.

Labarin rasuwarsa na cikin abubuwan da suka ja hankalin wasu 'yan uwa biyu a garin Dayton na Amurka, Wilbur da Orville Wright. Ina so matasanmu su kula da wannan wajen. Mutanen nan ba su da digiri. Shagon gyara da ƙera kekuna gare su. Sanin keke ne ma ya taimake su, domin mai keke ya san cewa abin da ba ya tsayuwa da kansa ana iya sarrafa shi idan aka iya daidaita jiki. Da suka ga lissafin magabata bai yi musu aiki ba, sai a 1901 suka ƙera akwatin da ake hura iska ta cikinsa, suka gwada ƙananan fukafukai kusan iri 200. Bakaniken shagonsu, Charlie Taylor, shi ya haɗa musu inji mai ƙarfin doki 12. Ranar 17 ga Disamba 1903, a kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci tazarar mita 37. A tashi na huɗu a ranar, Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci mita 260.

To, a wannan shekara ta 1903 me ke faruwa a ƙasarmu? A watan Fabrairu Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas da ɗimbin jama'a, har aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe ta yau, kudu da mu, inda ya rasu ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, kuma garin da suka zauna a bakin kogin Nilu yana nan da sunan Mai Wurno. Ita wannan hanya ta gabas ba sabuwa ba ce. Ita ce hanyar alhazai: daga ƙasar Hausa a ratso Borno, a haye zuwa Wadai, a shiga Darfur da Kurdufan, a kai Khartoum, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutum yakan yi shekaru a hanya, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don samun guzuri. Da yawa ba su dawo ba. A gidanmu ma akwai ƙanin kakana da ya tafi a ƙafa, kuma har kakana ya rasu yana ambatonsa.

A can Turai kuwa jirgi sai gaba yake yi. A 1909 Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Abin takaici, a nahiyarmu aka fara mai da jirgi makami, domin a 1911 sojojin Italiya sun jefa bam daga sama a Libiya. A 1916 kuma Ingila ta yi amfani da jirage a yaƙin da ta yi da Sarkin Darfur Ali Dinar, a tsakiyar hanyar alhazan da muka ambata. Yaƙin Duniya na Farko ya sa aka ƙera jirage dubbai, injuna suka ƙara ƙarfi. Da aka gama yaƙi sai Ingila ta fara tunanin yadda za ta haɗa ƙasashen da take mulka ta sama.

Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jirage ne na katako da aka lulluɓe da yadi, masu fiffike biyu sama da ƙasa, kowanne yana ɗaukar mutum biyu, kuma kan matuƙi a waje yake, rana da ƙura suna dukansa. Suka gangaro ta kogin Nilu zuwa Khartoum, suka juya yamma ta Al-Fashir, suka ratsa ƙasar Chadi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka shigo Najeriya ta Borno. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 suka sauka a filin wasan dawakai na Kano, a zamanin Sarkin Kano Usman, bayan tafiyar fiye da kilomita 4,000 cikin kwana shida. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya.

Ku sake duba sunayen garuruwan nan. Hanyar alhazai ce jirgin ya biyo, sai dai shi daga gabas ya fito. Tafiyar da kakanninmu suke shafe shekaru suna yi, ya yi ta cikin ƙasa da mako guda. Kuma ba haɗuwa ce ta sa'a ba. Jirgin wancan zamani ba ya dogon zango, dole ya sauka ya sha mai, kuma dole a riga a kai man a ajiye masa. Wuraren da ke da ruwa da jama'a da hukuma su ne dai zangunan da fatake da alhazai suka daɗe da sani. Wanda duk ya ɗora rula a kan taswira daga Maiduguri zuwa Kano zai ga layin ya bi ta dab da Potiskum. Lokacin kuwa shekara ɗaya ke nan da dawo da hedikwatar masarautar Fika nan garin, a 1924.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Khartoum zuwa Kano ta wannan hanya, kafin shekarar ta ƙare ya ƙarasa Legas. Amma lokacin da hanyar ta fi cika shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai daga 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Al-Fashir da Khartoum har Masar. Fiye da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya. Ga hazo a lokacin hunturu, ga inji da kan iya tsayawa a ko'ina, ga matuƙin da yake dogara da idonsa da taswira. Shi ya sa ake share ƙananan filaye a tsakanin manyan tashoshi, kuma hannun talakawan garuruwan ne ya sare itatuwa ya daidaita ƙasa. Filin jirgin Potiskum yana cikin irin filayen da muka gada daga zamanin Turawa.

Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, sannan Nigeria Airways a 1958. A cikin shekarun 1950 jirgi ya fara kwasar alhazai daga Kano, tafiyar ƙasa ta riƙa raguwa har ta kusa ɓacewa. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Najeriya da kuma makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Sauƙin da aka samu bai zo ba tare da jarrabawa ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Da jirage suka yi girma, suka iya tafiyar sa'o'i ba tare da shan mai ba, sai buƙatar ƙananan filaye ta ragu. Jirgin da a da yake neman wurin ya da zango, yanzu wucewa yake yi can sama, sai dai mu ga farin layi a sararin samaniya. Amsar tambayar yaron nan ke nan.

Yanzu ga abin da nake roƙo a madadin ƙungiya. Na farko, dattawan da suka ga jirgi yana sauka a filin nan da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, haka ma waɗanda suka ji labarin aikin hajji a ƙafa daga bakin iyayensu. Duk mai irin wannan dattijo a gida ya zauna da shi, ya naɗi muryarsa a waya, ya tambaye shi wane irin jirgi ya gani, su wa suka sauko, wa ya yi aikin share filin. Mai tsohon hoto ya kawo a ɗauki kwafi a mayar masa da abinsa. Za mu tattara su wuri ɗaya don amfanin makarantunmu.

Na biyu, mu roƙi hukumomi da masu martaba iyayen ƙasa su taimaka a kiyaye iyakar filin, a kafa allo mai ɗauke da tarihinsa. Gari yana faɗaɗa, kuma filin da aka yanka aka gina ba ya dawowa.

Na uku ya shafi yaranmu. Garin nan cike yake da kanikawa da masu walda da masu ƙera bodin tirela, yara masu basira waɗanda da jin ƙarar inji sun san ciwonsa. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, har kafofin labarai na duniya suka ɗauka. Abin da ya bambanta 'yan gidan Wright da sauran masu gyaran keke shi ne sun haɗa aikin hannu da karatu da lissafi, suna rubuta sakamakon kowane gwaji. Don haka yaron da ke gareji kada a cire shi daga makaranta, wanda ke makaranta kuma kada a hana shi taɓa sifana. A taronmu na gaba zan gabatar da shawarar a ware wani abu daga asusun tallafin karatu don ɗalibanmu masu sha'awar injiniya da makarantar Zariya. Ina fatan kowa zai zo da ra'ayinsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bi hanyar gabas, waɗanda suka dawo da waɗanda ƙasa ta rufe su a can. Allah ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya, ya albarkaci zuri'armu. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Potiskum, Jihar Yobe.