Mu Mutanen Kudu da Ganuwar Katsina

Mu 'yan Funtuwa da Malumfashi ba ma zuwa birnin Katsina sai da dalili: ko takardar ofis, ko jinya, ko neman taki. Mota ta ɗauko mu ta Yashe da Kankiya da Charanchi, mu shiga ta Ƙofar Ƙaura, mu gama abin da ya kawo mu, mu juya kafin la'asar. Da yawanmu sun yi furfura a kan wannan hanya ba su taɓa tsayawa gindin hasumiyar Gobarau ba. Abin yana damuna, domin hukuncin da ya sauya rayuwar kakanninmu a gonakin kudu, a cikin wannan ganuwa aka yanke shi.

Ku fara da Ƙofar 'Yanɗaka. Ta nan Lugga, jagoran Turawa, ya shigo a 1903, bayan Kano da Sakkwato sun faɗi, kuma Katsina ba ta yi yaƙi ba. Cikin shekara uku Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka tuɓe magajinsa Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906. Daga lokacin hakimai suka fara barin birni suna zama a gundumominsu don tara haraji. Harajin kuɗi ne, ba na dawa ba, kuma shi ya ƙara tura talakan kudu ga noman audugar sayarwa. Da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa, kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza, sai tsohuwar Maska, garin masaƙa da marina, ta koma baya, har Sarkin Maska ya dawo Funtuwa da zama.

Inda na fi daɗewa shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, yau kuma gidan adana kayan tarihi ce. Mutum yana jin Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa nan suka yi karatu, sai ya zaci zai ga bene na siminti. Ina! Ginin ƙasa ne, aikin maginan Katsina. Na dafa bangon da tafin hannu da tsakar rana, na ji sanyi kamar randa. Na ɗaga kai na ga yadda aka jera azara aka ɗaure rufin, babu ƙarfe ko ɗaya. Bature ya kawo tsarin karatu, amma da ya tashi gini sai ya nemi masu tubali. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa.

Gobarau kuwa ta girmi duk wannan da ƙarnoni. Ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma wanda ya daure ya hau matakalanta masu ƙunci zai hango birnin a shimfiɗe. Daga can sama ne zuciya take karaya. Ganuwar da Sarki Ali Murabus ya fara, wadda Bature matafiyi Barth ya gani da idonsa a 1851, ta zama guntu-guntu. Wani wuri an yanka fuloti, wani an kwashe ƙasar an buga bulo, wani kuma juji ne. Ƙofofin da aka sake ginawa da siminti suna da kyau, amma ƙofa ce tsaye babu ganuwar da za ta tsare.

Roƙona ga shugabannin makarantunmu na Bakori, Ƙafur, Danja da Faskari: ku ware rana ɗaya cikin rani, bayan an gama tsinkar auduga hannun iyaye ya ɗan sake, ku kai yara su ga wuraren nan. A hanyar dawowa ku ratsa da su Maska, ku nemi dattawan garin su nuna musu inda karofi yake a da.